Dala, kashi da ninki: matsalolin lissafin kuɗi da Hausa, da misalai daga Arlit

Gabatarwa

Ɗalibanmu na sashen kasuwanci suna koyon lissafi da Faransanci, amma ciniki da Hausa za su yi shi. A wannan ƴar maƙala za mu duba wurare uku inda kuskure yakan shigo ta ƙofar harshe. Mun ɗauko misalanmu daga Arlit, inda SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a 1971, domin gari ne da abin da yake haƙowa waje ake sai da shi, abin da yake ci kuma daga nesa ake kawo shi. Farashin da muka sa a misalan na koyarwa ne kawai.

1. Ƙirga da dala

A kasuwannin Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1.000, wato dala 200. Idan mai tumatir a Akokan ta ce "ɗari", sefa 500 take nufi. Ɗalibin da ya rubuta 100 a littafinsa ya zubar da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin tun bai fara lissafi ba. Ƙa'ida ita ce a mai da dala sefa (a ninka da 5), a yi lissafin, sannan a raba da 5 in za a faɗa wa mai kaya.

2. Kashi na mene ne?

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa, wanda yake sefa 50, ya koma sefa 100. Wasu suka ce sefa ta faɗi da kashi 50, wasu suka ce kashi 100. Bambancin yana ga tushen da aka auna. Sefa ɗaya ta sauka daga faran 0,02 zuwa 0,01, wato ragin kashi 50. Faran kuwa ya hau daga 50 zuwa 100, wato ƙarin kashi 100. Cewa "sefa ta faɗi da kashi 100" kuskure ne, domin abin da ya rasa ɗari bisa ɗari bai saura ba.

A Arlit abin ya zo ta fuska biyu. Kilon uraniyom da aka sayar faran 300 ya tashi daga sefa 15.000 zuwa 30.000. Kayan gyaran injin faran 2.000 kuma sun tashi daga 100.000 zuwa 200.000. Ma'aikaci fa? Mu ƙaddara albashinsa ya ƙaru da kashi 20, farashin kasuwa kuma da kashi 50. Ɗalibai da yawa sukan debe 20 daga 50 su ce ya yi hasarar kashi 30. Rabawa ake yi: 120 ÷ 150 = 0,80. Ƙarfin sayensa ya ragu da kashi 20.

3. Ninki da ruwa

"Ya ninka sau biyu" magana ce mai harshen damo: wani zai fahimci 100 ta koma 200, wani 400. A rubutu muna ba da shawarar a kawo adadin farko da na ƙarshe tare.

Haka "ruwa". Bayan rufe ma'adinin COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, tsohon ma'aikacin da zai koma kasuwanci yana iya neman rance. Mu ce 500.000, ruwa kashi 10 a shekara, a biya gaba ɗaya bayan shekara 3. In a kan uwar kuɗi kaɗai ake ɗora ruwan, 50.000 × 3 = 150.000, zai biya 650.000. In kuwa ruwa kan ruwa ne, bashin zai zama 550.000, sannan 605.000, sannan 665.500. Tazarar 15.500 tana ɓoye cikin kalma ɗaya.

Kammalawa

Kafin ɗalibi ya taɓa alƙalami, ya yi tambaya uku: dala ko sefa? kashi na wane tushe? ruwa a kan me? Muna roƙon malaman sashen kasuwanci su gwada waɗannan kalmomi a aji, su aiko mana da gyara.