Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa ƙasar Manga, a jihar Diffa, ta daɗe tana taimaka wa lafiyar dawakin ƙasar Hausa? Daga tafkunan yankin Maine-Soroa ake haƙo kanwa, kuma a zamanin daular Borno fatake sun riƙa lodin ta a kan jakuna da raƙuma zuwa Damagaram da Kano. Mai kiwon doki yakan jiƙa kanwa a ruwa ya ba shi ya sha, don ta wanke masa ciki ta buɗe masa cin abinci.

Doki ya daɗe da daraja a Borno: a shekarar 1823, Baturen Ingila Dixon Denham ya isa Kukawa, inda ya ga barden Shehu Al-Kanemi cikin sulke, dawakinsu sanye da lifidi.

Ba a nan kaɗai ake kula da lafiyar doki ba: yau a garin Newmarket na Ingila da kuma Dubai, akan sa dokin sukuwa iyo a cikin kwarmin ruwa, domin ruwa na ɗauke wa gaɓoɓinsa nauyin jiki. Akan kuma tsayar da ƙafafunsa cikin ruwan gishiri mai sanyi ƙwarai don kumburin jijiya ya sabe.

A watan Disamban 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Diffa tana da doki, tana da kanwa, ga kogin Komadugu a gefen gari. Idan zaman lafiya ya tabbata, wannan gado zai iya jawo baƙi. Mu kula da dawakinmu.