Cinikin Da Ya Mayar Da Goshin Mutum Allon Talla

Cikin watan Janairu na shekarar 2005, wani saurayi ɗan shekara 20 a birnin Omaha na jihar Nebraska ta ƙasar Amurka ya sa goshinsa a kasuwa. Ya shiga dandalin gwanjo na eBay, ya ba da sanarwar cewa duk kamfanin da ya fi kowa tayawa za a rubuta sunansa a wannan goshi, shi kuma ya yi ta yawo da shi har kwana 30. Da aka rufe gwanjon, kamfanin SnoreStop mai sayar da maganin minshari shi ya saya a kan Dala 37,375. Zanen da aka yi masa na wucin gadi ne. Da wa'adi ya cika ya wanke fuskarsa, ya kama gabansa da kuɗinsa.

Wata biyar bayan haka, watau cikin Yuni, wata mata 'yar shekara 30 a jihar Yuta ta bi sahunsa, ita ma ta kai nata goshin gwanjo. Gidan cacar nan na intanet mai suna GoldenPalace.com ya biya ta Dala 10,000, amma bisa sharaɗin zanen ya zama na dindindin, wanda ake yi da allura da tawada a cikin fata. Ta ce kuɗin makarantar ɗanta take nema. Ma'aikatan shagon da ta je sun shafe sa'o'i wajen bakwai suna ba ta baki, ta ƙi ji, daga ƙarshe suka zana mata adireshin gidan cacar da manyan baƙaƙe daga wannan gefen goshi zuwa wancan.

Idan aka buga lissafi, saurayin na Omaha ya sami fiye da Dala 1,200 a kowace rana ta kwantiraginsa. Ita kuwa matar, ko da a ce shekara 10 kacal zanen ya yi a fuskarta, ladanta bai kai Dala 3 a rana ba. Haja iri ɗaya ce, kasuwa ɗaya, shekara ɗaya, kuma kusan duk abin da ya biyo baya a wannan sana'a yana nan cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan ciniki biyu.

Zanen da ake magana a kansa shi ne wanda aka sani da tatu. Ɗan'uwan jarfar da wanzamai ke yi ne, sai dai shi da injin mai allura ake cusa tawada ƙarƙashin fatar sama, inda wanka ko gumi ba sa isa gare ta. Akwai kuma na wucin gadi, wanda ake mannawa ko a shafa kamar lalle, ya dushe cikin 'yan kwanaki ko makonni. A wajen kamfani duka biyun aiki ɗaya suke yi a ranar da aka ɗauki hoto. A wajen mai jiki ne bambancin yake.

Tun kafin talakawa su shiga wannan ciniki, 'yan damben zamani ne suka buɗe shi. Ran 29 ga watan Satumba na 2001, a dandalin Madison Square Garden da ke birnin Niyu Yok, Bernard Hopkins ya hau fage don karawa da Felix Trinidad, da sunan GoldenPalace.com rubuce a gadon bayansa. An biya shi Dala 100,000, ya kuwa ɗauki kuɗin ya zuba a cacar cewa shi zai yi nasara, alhali mafi yawan masu hasashe Trinidad suka bai wa. A turmi na 12 ya gama da shi. Dabarar gidan cacar a fili take: ɗan dambe ba ya sa riga, kyamara kuma ba ta da wurin kallo sai jikinsa, saboda haka sun sami kusan sa'a guda ta talabijin ba tare da sun biya gidan talabijin ko kwabo ba.

Abin bai yi wa masu shirya wasa da gidajen talabijin daɗi ba, domin kuɗin da ya kamata ya bi ta hannunsu ne ya zagaye su. A farkon 2002 hukumar wasanni ta jihar Nebada ta haramta irin wannan zane, tana cewa yana zubar da mutuncin wasan, yana kuma ɗauke hankalin alƙalai. Aka je kotu a Las Begas, kotu ta dakatar da haramcin bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki, har ɗan dambe Clarence Adams ya hau fage da tallar a bayansa cikin watan Fabrairu na shekarar.

Ba banza ba ne gidan caca ya zama babban mai saye a wannan kasuwa. Cikin 2003 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gargaɗi kafofin watsa labarai cewa karɓar tallar cacar intanet na iya jefa su cikin laifi, manyan gidajen rediyo da talabijin suka ja da baya. Da aka toshe wa masu caca ƙofar gaba, sai suka koma neman duk abin da zai sa jarida ta ambaci sunansu kyauta. Wannan gidan cacar dai shi ne ya sayi wani tsohon yankin burodi da cuku a kan Dala 28,000 cikin 2004, wai don an ga siffar Nana Maryamu a jikinsa. Wanda ya sayi burodin da ba zai ci ba, ba fatar goshi yake saye ba. Labari yake saye.

A nan ne mutane da yawa suka yi kuskuren lissafi. Mutum nawa ne za su ga goshin wani saurayi a titunan Omaha cikin wata guda? Ba su kai waɗanda ke wuce allon talla ɗaya a babbar hanya cikin yini ba. Abin da SnoreStop ya biya shi ne hirarrakin da gidajen talabijin da jaridun duniya suka yi ta yi da saurayin, kowace hira kuma da sunan maganin a saman idonsa. To, labari kuwa sau ɗaya yake zama sabo. Mutum na farko abin mamaki ne, na biyu abin dariya, na ɗari kuwa ba editan da zai tura masa wakili. Kafin shekara ta zagayo dandalin eBay ya cika da masu tallar goshi da wuya da damtse da cikin masu juna biyu, farashi ya faɗi warwas, da yawa ma ba su sami mai tayawa ba.

Waɗanda suka shigo a makare da fatar dindindin su suka fi jin jiki. Wani ɗan dambe a jihar Alaska ya sayar da wurare fiye da 20 a fuskarsa, akasari a kan 'yan ɗaruruwan daloli, har ya kai ga sauya sunansa a hukumance zuwa sunan wani kamfanin intanet. Cikin 2013 ya fito yana nadama, yana neman ya sayar da wasu wurare a gangar jikinsa don ya sami kuɗin goge na fuskar. Kamfanonin intanet da yawa na wancan zamani sun mutu tuni, adireshinsu bai kai mutum ko'ina, amma yana nan a jikin waɗanda suka ɗauka. Shi kansa GoldenPalace.com ya daina karɓar 'yan caca daga Amurka bayan dokar da Shugaba George Bush ya sa wa hannu cikin Oktoban 2006, wadda ta hana bankuna tura kuɗi ga gidajen cacar intanet. Wata 16 ke nan kacal bayan an zana goshin matar nan ta Yuta.

Gogewa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Da hasken leza ake farfasa tawadar ta zama ƙanana yadda jiki zai iya kwashe ta, ba kuma a zama ɗaya ake gamawa ba. Sai an yi ta komawa, da makonni tsakanin zama da zama, ga zafi, ga yiwuwar tabo, kuɗin kuma sau da yawa ya ninka na zanen. Ba kasafai ake jin an sa wannan a cikin yarjejeniya ba.

Manyan kamfanoni masu gudun abin kunya sun tsaya ga na wucin gadi. Cikin 2008 kamfanin jiragen sama na Air New Zealand ya ɗauki mutum 30 a Amurka, aka yi musu aski ƙwal, aka rubuta tallar a ƙeyarsu da lalle. Kowa ya zaɓi ko tikitin zuwa da dawowa ƙasar Niyu Zilan, ko Dala 777 a hannu. Bayan mako biyu lalle ya dushe, gashi ya tsiro, ba wanda ya bi wani bashi. Lallen da matan ƙasar Hausa ke ƙunsawa ranar biki shi ne ya zama tawadar talla a Los Anjalis, kuma ya fi allura adalci ga ɓangarorin biyu.

A fagen wasanni rigimar ta koma kan tambayar wa ya mallaki jikin ɗan wasa a lokacin da yake bakin aiki. Cikin Janairun 2012 ɗan tseren mita 800 na Amurka, Nick Symmonds, ya yi gwanjon kafaɗarsa ta hagu, wani kamfanin talla na birnin Milwoki mai suna Hanson Dodge Creative ya saya a kan Dala 11,100. Dokokin hukumar tsere ta duniya da na Olamfik ba su yarda da wannan ba, don haka dole ya rufe wurin da farar filasta duk lokacin da zai yi gudu a manyan gasa. Filastar ta fi zanen jan hankali, kowane ɗan jarida sai ya tambayi abin da ke ƙarƙashinta. Ya zo na biyar a Landan, a tseren da David Rudisha na Kenya ya kafa tarihin duniya. Cikin 2016 ya sake gwanjo, kamfanin waya na T-Mobile ya biya Dala 21,800, sai rauni a idon sawu ya hana shi zuwa gasar Riyo. Hukumar ƙwallon kwando ta NBA kuwa ba ta ma tsaya tambayar ko an biya ko ba a biya ba: cikin 2018 ta gaya wa J.R. Smith ya rufe tambarin kamfanin tufafi na Supreme da ya zana a ƙwaurinsa, in ba haka ba a ci shi tara a kowane wasa. Hujjar waɗannan hukumomi ita ce sun riga sun sayar da idon masu kallo ga kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu. Hujjar 'yan wasa ita ce fatar tasu ce.

Akwai wani reshe na cinikin da ba a biya da tsabar kuɗi. Wajejen 1999 wani ƙaramin gidan abinci na iyali mai suna Casa Sanchez a birnin San Faransisko ya liƙa takarda a taga cewa duk wanda ya zana tambarinsu a jikinsa zai ci abincin rana kyauta muddin ransa. Sun ɗauka wasa ne, ba wanda zai zo. Da mutane suka kai 40 sai suka zauna suka buga lissafi: mutum 40, abincin Dala 8 kullum, shekara 50, ya kama Dala miliyan 5.8. Nan da nan suka ƙayyade adadin ga mutum 50. Wani kamfanin dillancin gidaje a Niyu Yok, Rapid Realty, ya yi wa ma'aikatansa tayin ƙarin kashi 15 cikin 100 na la'ada cikin 2013 idan suka zana tambarinsa, wajen mutum 40 suka amsa. Wannan ya fi sauran ban tsoro, domin wanda ke ba ka abinci in ya ce ga shawara, da wuya a kira ta shawara. Hatta gwamnati ta taɓa gwadawa: cikin 2023 a ƙasar Ostiriya an ba da tikitin shiga jiragen ƙasa da motocin haya na shekara guda, mai darajar Yuro 1,095, ga mutum uku na farko da suka zana sunan tikitin a wasu bukukuwan kiɗa, abin da ya jawo wa ministar muhalli Leonore Gewessler suka daga 'yan majalisa da jaridu.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya, wannan hanya tana da shinge biyu tun kafin a kai ga batun riba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta wajabta a kai kowace talla a tantance kafin a nuna wa jama'a. Sannan a wuraren da Musulmi suka fi yawa, inda jumhurun malamai suka haramta zanen dindindin, tambarin da aka gani a fatar mutum ya fi kusa da korar mai saye bisa ga jawo shi. Riga da hula da lema masu tambari, waɗanda kamfanonin waya da na kayan miya ke rabawa a kasuwanni, suna yin aikin, kuma ana tuɓe su da dare.

Alkawari mafi tsawo da aka taɓa ji a wannan harka a Rasha aka yi shi. Ran 31 ga watan Agusta na 2018, masu riƙe da sunan Domino's Pizza a ƙasar suka ce duk wanda ya zana tambarinsu a wurin da ido ke gani zai sami fiza 100 kyauta a kowace shekara, har shekara 100. An shirya garaɓasar za ta yi wata biyu. Cikin kwana biyar hotuna suka yi musu yawa, suka rufe ƙofa, suka ce mutum 350 na farko kawai za su ɗauka. Cikin watan Agusta na 2023, kamfanin DP Eurasia mai riƙe da sunan ya ba da sanarwar cewa zai kai reshensa na Rasha kotun karyewar jari, wasu 'yan kasuwa na ƙasar suka karɓi shagunan suka sauya musu suna. A lokacin, saura shekara 95 a cikin alkawarin.