Gara Ba Iri Ɗaya Ba Ce

A Dareta da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, in gara ta ɓata gyaɗa, sau da yawa manomi yakan ɗauki diga ya je ya rushe surin da ke bakin gona. Aikin yini guda ke nan, amma galibi mai laifin ba a cikin surin take ba. Saboda haka ya kamata mu san irin garar da muke zaune da ita.

Masana sun ƙidaya gara wajen iri 3,000 a duniya, kusan sulusinsu a Afirka. Ko da yake zamanta ya yi kama da na tururuwa, ba danginta ba ce. A 2007 masu bincike a Landan suka tabbatar da cewa gara daga zuriyar kyankyaso ta fito.

Galibi gidan gara yana da sarauniya da sarki, da ma'aikata, da sojoji, watau zago. Gina da shinge da ke fitowa da ruwan farko su ne masu zuwa kafa sabon gida. Sukan zubar da fiffike, namiji ya bi mace, su shiga ƙasa. Sarauniyar babban suri takan kai inci huɗu, tana iya yin ƙwai 20,000 ko fiye a rana guda.

Ga iri huɗu da manomi zai tarar a ƙasarmu.

Ta farko ita ce mai babban suri, wadda masana ke kira Makrotamis. Manomiya ce irinmu. Takan kwashi busasshen itace da ganye ta kai gida, ta shuka wani irin funfuna a kai, funfunar ta narkar da su, sa'an nan ta ci. Ita ke cin rumbu da azara da dangar kara.

Ta biyu ƙarama ce ƙwarai, ana kiranta Mikrotamis. Ita ma tana noman funfuna, amma ba ta gina suri sam, gidanta a ƙarƙashin gona yake. To, wannan ce babbar abokiyar gabar mai gyaɗa da masara, kamar yadda binciken da aka yi a Mokwa da gonakin Arewa a shekarun 1970 ya nuna. Takan shiga saiwa ta rarake ta, ta cika da ƙasa, sai ka ga shuka ta yi yaushi alhali an yi ruwa. Tana kuma kankare kwanson gyaɗa, funfuna mai dafi ta sami ƙofa. Dafin nan ne ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960, kuma yana cin hantar mutum.

Ta uku ita ce mai ƙaramin suri baƙi a makiyaya. Ciyawa take yanka da dare ta adana. Sojanta ba ya cizo, wani ruwa mai danƙo yake fesawa ta tsinin kansa.

Ta huɗu ita ce mai suri kamar malafa. Ƙasa take ci, ba ruwanta da shuka.

Kada a manta da alherin gara. Ramukanta ke buɗe wa ruwa hanya a ƙasa mai tauri. Don haka ne Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, tun wajen 1980, ya riƙa haƙa ramuka a fako da rani yana zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar, gero ya tsira inda dā ba ya fita. A wajen Tawa, cikin Nijar, ana kiran wannan dabara tassa.

To, me za a yi? Na ɗaya, a cire gyaɗa da zarar ta nuna, gama ɓarnar ta fi yawa in ruwa ya ɗauke aka bar ta a ƙasa. Na biyu, a shanya ta bisa rumfa, a ware mai kankararren kwanso. Na uku, a zuba taki, domin shuka mai rauni gara ta fi kamawa. Na huɗu, a ɗora rumbu bisa duwatsu, a riƙa kankare hanyar gara da ta hau. Aldirin da Diyaldirin da iyayenmu suka sani an hana su a yarjejeniyar duniya ta 2001, in an kawo muku a kasuwa kada ku saya.

Akwai gargaɗi na musamman ga mutanen Anka da Bukkuyum. Ƙasar suri tana da kyau wajen daɓe da yaɓen rumbu, amma mun tuna 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, har aka kwashe ƙasar gidajen Dareta aka zuba sabuwa. Kada a ɗebo ƙasar surin da ke kusa da inda ake niƙa ko wanke dutse a kawo cikin gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.