Layi ɗaya, yare daban: modem da faks

Yau ɗalibin kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, in aka nemi takardarsa a Gusau, hotonta zai ɗauka ya tura ta WhatsApp. Haka ɗan kasuwar Bakura, haka manomin rani a Maradun. Amma a 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, layukan tarho na NITEL a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Takarda ko dai ta hau mota, ko a nemi inda ake da faks.

A wancan lokacin, mai kwamfuta da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, yakan ɗauka shi ma zai iya aika faks, tunda layi ɗaya ne, kuma ƙara iri ɗaya kunne ke ji. Ina! Faks na da tsarinsa da aka amince da shi a duniya a 1980. Sai an yi gaisuwa kafin a shiga magana, irin ta baƙo da maigida a zaure. Mai kira ya yi sauti, mai karɓa ya amsa da nasa, sannan su tattauna a hankali, bit 300 a daƙiƙa: wane girman takarda kake karɓa, wane gudu kake iyawa? Daga nan mai aikawa ya gwada layin na daƙiƙa ɗaya da rabi. In da ƙugi, sai a sauko daga bit 9,600 a daƙiƙa zuwa 7,200, zuwa 4,800, har 2,400. Wannan haƙurin ne ya sa faks ya jure wa layuka marasa kyau.

Modem ɗin bayanai bai san wannan gaisuwar ba. Ko gudunsa ya yi daidai da na faks, yadda yake tsara sautin daban ne. Shi aikawa da karɓa yake yi lokaci guda, faks kuwa ɗaya ke magana ɗaya na saurare, kuma hakan ya fi sauƙin ƙerawa. Shi ya sa a farkon shekarun 1990 aka sayar da modem masu araha da ke jan bayanai a 2,400 amma su aika faks a 9,600: injina biyu ne a akwati ɗaya.

Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, sai faks ya gamu da cikas. Salula matse muryar mutum take yi, kuma matsewar na dagula sautin faks.