Tsohon Doki Sai Mai Shi: Baburan Italiya da Masu Kiwonsu

A garuruwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, duk wanda ya taɓa ɗaure doki a turke ya san cewa kuɗin sayen dokin su ne mafi sauƙi a cikin hidimarsa. Bayan an gama ciniki ne ake shiga sayen dawa da harawa da kanwa, ga kuma yaron barga da ke jiran nasa kowane ƙarshen wata. To, haka al'amarin yake ga baburan ƙasar Italiya, irin su Vespa da Moto Guzzi da Ducati. Masu su a duniya ba su ɗauke su abin hawa kawai ba, kiwonsu suke yi, suna kafa ƙungiyoyi saboda su, suna kwana gardama a kansu. Ganin yadda manyan babura na hannu ke shigowa daga Turai ta tashoshin ruwan maƙwabtanmu, har wasu 'yan kasuwa da ma'aikata na sha'awarsu, ya kyautu mai karatu ya san irin dokin da zai ɗaure kafin ya kwance bakin jakarsa.

Asalinsu

Ƙasar Italiya ta fito daga yaƙin duniya na biyu a 1945 hanyoyinta a farfashe, masana'antunta a rushe, talaka kuma ba ya da halin sayen mota. Kamfanin Piaggio, wanda a lokacin yaƙi jiragen sama yake ƙerawa, sai ya juya ga abin hawa mai araha. Mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya danƙa aikin ga injiniya Corradino D'Ascanio, mutumin da ya ƙware a ƙirar jirage, kuma ba ya ƙaunar babur saboda ƙazantar sarƙa da wahalar canjin taya. Sai ya ajiye inji a gefen ƙafar baya ba tare da sarƙa ba, ya kai giya hannun hagu, ya rufe gaba da faffaɗan ƙarfe mai tare taɓo. A 1946 aka fitar da ita a garin Pontedera da sunan Vespa, wato zanzaro a harshen Italiyanci, saboda siririn ƙugunta da kukan injinta.

A wannan shekara ce kuma kamfanin Ducati na birnin Bolonya, wanda tun 1926 kayan rediyo yake yi, ya shiga ƙera wani ɗan inji mai cc 48 da ake liƙa wa keke, ana ce masa Cucciolo, ma'ana ɗan kwikwiyo. Moto Guzzi kuwa ya girme su a sana'ar. An kafa shi a 1921 a Mandello del Lario, bakin tafkin Komo, kuma gaggafar da ke jikin tankinsa tunawa ce da Giovanni Ravelli, matuƙin jirgin sama, abokin Carlo Guzzi da Giorgio Parodi, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a 1919 kafin su cika burinsu na buɗe kamfanin tare.

Vespa, wadda muka fi sani

A cikin dukkansu Vespa ce ta shigo ƙasar Hausa har ta zauna. Dattawan kasuwa da malamai sun so ta saboda mutum yana hawa da babbar rigarsa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, ya sauka tufafinsa fes, ga tayar safiya a maƙale. Sai dai ba duk wadda aka kira Vespa ce ta fito daga Pontedera ba. Kamfanin Bajaj na Indiya ya yi ta ƙera ta da izinin Piaggio har zuwa 1971, daga baya ya ci gaba da tasa mai suna Chetak, wadda ta yi kama da ita ƙwarai. Kama da wane kuwa ba wane ba ce, ko da yake wannan kamar ta yi rana, domin wasu kayan gyaran Indiya suna shiga tsohuwar Vespa.

Kiwon tsohuwar Vespa, irin PX da aka fara fitarwa a 1977 da sa'o'inta, ba ya da wuya ga mai natsuwa. Injinta mai bugu biyu ne, ba ya da tukunyar baƙin mai irin ta mota, saboda haka man da ake gauraya wa fetur shi ne ke shafa wa fistan. Ƙa'idar ita ce kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 100 na mai a kowace lita biyar ta fetur, in ba irin wadda ke da tankin mai daban tana haɗawa da kanta ba. In aka rage, inji ya yi zafi ya kame. In aka yawaita, buji ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, salansa ta toshe. Sauran abin lura su ne wayoyin giya da na kuloci da ke saki ko su tsinke, da kuma tsatsa. Jikin Vespa shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani ƙarfe a ɓoye da ke ɗauke da ita, don haka in tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa, babur ɗin ya tafi ke nan. A nan bushewar ƙasarmu ta yi mata gata fiye da damshin Turai.

Ducati da tsadar gudunsa

In Vespa jakin gida ce mai haƙuri, Ducati dokin sukuwa ne, kuma abin da ya bambanta shi yana cikin kan injinsa. A inji mai bugu huɗu akwai 'yan ƙofofi da ake kira bawul, waɗanda ke buɗewa su shigar da fetur da iska, su kuma fitar da hayaƙi. A yawancin injuna ƙarfe ne ke tura bawul ya buɗe, sifirin kuma ya maido shi ya rufe. A shekarun 1950 sifirin ba ya da ƙwarin na yau, in inji ya yi gudu sosai sai ya kasa rufewa a kan kari. Injiniya Fabio Taglioni, wanda ya shiga Ducati a 1954, ya kauce wa matsalar da wata dabara da ake kira desmo, inda hannu ɗaya na ƙarfe ke buɗe bawul, wani hannun kuma ya ja shi ya rufe. A 1956 aka fara gwada ta a babur ɗin tsere mai cc 125, daga baya ta zama tambarin gidan.

Dabarar ta ci riba a fagen tsere. Casey Stoner ya ɗauki kambun duniya na MotoGP a kan Ducati a 2007, Francesco Bagnaia ya ɗauka a 2022 da 2023. Amma a gareji lissafin daban ne. Kowane bawul yana da tazara biyu da za a auna, ta buɗewa da ta rufewa, ana daidaita su da wasu 'yan ƙarafa masu kauri daban-daban. Inji mai silinda biyu da bawul takwas yana buƙatar awo goma sha shida ke nan, kuma a tsofaffin ƙira bayan kowace kilomita 10.000 zuwa 12.000 ake yin wannan aiki. Ban da haka, yawancin Ducati masu silinda biyu na shekarun 1980 zuwa 2010 da bel na roba mai haƙora suke juya kan inji. A tsofaffin ana canja wannan bel duk shekara biyu ko da babur ɗin a zaure ya yini ya kwana, saboda roba tana tsufa ko ba ta aiki. Ranar da ya tsinke ana cikin tafiya, fistan zai daki bawul, gyaran da za a yi da kuɗi kaɗan ya koma na sabon kan inji.

Kada a ce waɗannan injuna ba su jure wa ƙasarmu. A Janairun 1990, tseren Pari-Dakar da ya ratsa ta Agadas da Tawa da Yamai, Edi Orioli ne ya lashe shi a kan Cagiva Elefant mai injin Ducati, ya kuma sake lashe na 1994 a kan Cagiva. Amma a tuna cewa a kowane zango makanikai ne ke kwana a kan babur ɗin, suna canja mai da matatar iska kafin gari ya waye. Mai Ducati a Damagaram ba ya da wannan rundunar a bayansa.

Moto Guzzi ya bi wata hanyar. Tun daga V7 na 1967, wanda Giulio Cesare Carcano ya zana kuma 'yan sandan Italiya suka yi aiki da shi, silindarsa biyu suna leƙowa ne dama da hagu a gaban gwiwar mahayi, inda iska ke sanyaya su. Wannan ya sa a tsofaffin ƙira mai shi yana iya buɗe murfi ya daidaita bawul da sukundireba da sifana a ƙofar gidansa. Ba ya da sarƙa kuma, sandar ƙarfe ce a rufe cikin mai ke juya ƙafar baya. Wanda ya san yadda rairayi ke cin sarƙa a hanyoyinmu zai gane darajar wannan.

Majalisar masoya

Wahalar gyara da ƙarancin kaya su ne suka haɗa kan masu waɗannan babura. Ƙungiyar masu Vespa ta Italiya tun 1949 take, kuma a Afrilun 2024 taron masu Vespa na duniya ya koma gida Pontedera domin cikar Piaggio shekara 140. Masu Ducati suna taruwa a filin tsere na Misano tun 1998, masu Guzzi kuma suna kai ziyara Mandello del Lario cikin watan Satumba. A kasuwannin tsofaffin kaya irin na Imola da Novegro, mutum kan yi tafiyar kwana domin neman fitila ɗaya ko murfin tanki na shekarar babur ɗinsa. A irin waɗannan wurare ne sani ke wucewa daga tsoho zuwa yaro, kamar yadda ake koyon sirrin doki a bakin barga.

Gardama kuwa ba ta ƙarewa. A 2020 Ducati ya fito da Multistrada V4 mai sifirin a maimakon desmo, ya ce sai bayan kilomita 60.000 za a duba bawul. Matafiya masu lissafin aljihu suka yi murna, tsofaffin masoya kuma suka ce an sayar da gado. Akwai kuma zancen mallaka. Kamfanin Audi na Jamus ya sayi Ducati a 2012, Qianjiang na Sin ya sayi Benelli a 2005, Moto Guzzi da Aprilia kuma suna hannun Piaggio tun 2004. Wasu na ganin muddin a Italiya ake zane, babur na Italiya ne, wasu kuma sai sun ga inda aka ɗaure kusoshinsa. Gardamar da ta fi shafarmu ita ce ta fenti. Masu tara tsofaffin babura da yawa sun fi daraja wanda ya tsufa da fentinsa na asali, ko da ya koɗe, a kan wanda aka yi wa sabon kwalliya da kayan aro. Ke nan tsohuwar Vespar da ke jingine a zauren gidan gado, wadda magada ke shirin miƙa wa masu sayen ƙarfe a kan kilo, ta cancanci a duba lambar jikinta da ta injinta tukuna, a nemo takardunta.

Kafin a biya kuɗi

Mai niyyar sayen babban babur na Italiya, tambayarsa ta farko ita ce wa zai gyara. In babu makanikin da ya taɓa buɗe irin wannan inji a garinku, babu kuma na'urar da ke karanta kwamfutar sababbin ƙira, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta biyu ita ce littafin gyara. Babur ɗin da ba a san ranar da aka canja masa bel ba, a ɗauka ba a canja ba, a cire kuɗin aikin daga farashi tun wurin ciniki.

Sai kuɗin kaya, waɗanda da Yuro ake saye. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, saboda haka duk Yuro 100 da aka rubuta a takarda ya haura jikka 65, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ba su manta yadda kayan Turai suka ninka kuɗi dare ɗaya ba, har abubuwan hawa da yawa suka koma jingine. Akwai kuma fetur. Injin da aka yi domin gudu ba ya shan man kwalba na bakin titi, wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Ga ƙurar hunturu, wadda ke sa a riƙa duba matatar iska tun kafin lokacin da littafin kamfani ya faɗa, domin ba a Sahel aka rubuta shi ba. Zafin bazara shi ma yana gajiyar da batir da duk wani abu na roba.

Ma'aikacin da ke neman abin zuwa ofis da kai yara makaranta, baburan Asiya da kayansu ke kowane lungu sun ishe shi, ba kuma abin kunya ba ne. Wanda kuwa zuciyarsa ta kafe a kan na Italiya, ya fara da tsohuwar Vespa, ya koyi haɗa mai da canjin buji da hannunsa, ya nemi dattijon makanikin da ya yi zamani da ita tun yana da sauran ƙarfi, ya zauna kusa da shi ya koya. In ya shekara biyu yana kiwonta bai gaji ba, sa'an nan ya yi zancen Guzzi ko Ducati.