Ginin Ɗakin Ajiyar Kayan Lambu

Ya ku manoma da dagatai, ku sani ba ƙwari da fari kaɗai ke jawo wa mai lambu hasara ba. Fartanya da galma in an yar da su a gindin itace, gara za ta ci ƙota, tsatsa ta ci ƙarfe. Iri kuwa in ya sha laima ba ya tsirowa. Maganin wannan shi ne ɗan ɗaki a bakin lambu, wanda kowa zai iya ginawa da rani tun ruwa bai sauka ba.

Da fari ku zaɓi tudu, inda ruwan fadama ba ya kaiwa, kuma nesa da suri. Tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 8 ya isa. Ƙofa ta dubi yamma, gama hadari daga gabas yake tasowa.

Gofofi su zama na kirya, domin gara ba ta cinta da sauri. A babbake gindinsu, a haƙa rami zurfin ƙafa 2, a zuba toka, sa'an nan a kafa. Azara kuwa ta giginya ta fi ƙarko. Bango ko na zana ko na tubali. In na tubali ne, a yaɓe shi da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya zaizaye shi. A bar 'yan tagogi biyu suna duban juna, iska ta riƙa ratsawa. Jinka ta yi tsini ƙwarai, ta zarce bango da ƙafa 2. Daɓe kuma ya ɗara ƙasar waje da inci 6.

Kada a ajiye kome a ƙasa. A rataye kayan aiki a bango. Iri, bayan ya bushe sarai, a zuba shi cikin gora da toka, a toshe baki, a sa a ragaya. Albasa a baza ta bisa gadon kara. Maganin ƙwari a keɓe shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. A share ciyawa kewaye saboda gobara, kowane mako kuma a duba hanyar gara a rushe ta.

Dagatai, ku sa a yi wannan aiki da gayya, kada a bari sai hadari ya haɗu, gama tun ran gini ran zane.

Haza wasalam.