SUNAN LEFEBVRE: GADON DA MAƘERAN FARANSA SUKA BAR WA JIKOKINSU

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Faransa, ko ma'aikacin da aiki ya taɓa haɗa shi da takardun Faransawa, da wuya a ce bai ci karo da ɗaya daga cikin sunayen nan ba: Lefebvre, Lefèvre, Fabre, Faure ko Favre. A ido sunaye ne dabam-dabam, amma asalinsu ɗaya ne, kuma ma'anarsu ita ce maƙeri.

Tushen sunan daga harshen Latin yake, wato harshen Rumawa waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A wurinsu "faber" shi ne mai sana'ar sarrafa abu mai tauri, musamman ƙarfe. Bayan da mulkin Rumawa ya gushe, sai kowane yanki ya lanƙwasa kalmar yadda ta yi wa bakin mutanensa daɗi. Mutanen arewa suka ce "fèvre", suka maƙala mata "le" a gaba, kamar dai Bahaushe ya ce "maƙerin". Na kudu suka ce Fabre ko Faure, na gabas wajen duwatsun Alps da iyakar Suwizalan suka ce Favre.

Kafin ƙarni na 11, Bafaranshe suna ɗaya gare shi, wanda aka raɗa masa a coci. To, daga wannan ƙarni zuwa na 13 jama'a ta yi ta ƙaruwa, sunayen yanka kuwa 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, har ya zama a ƙauye guda a sami masu suna Jean ko Pierre rututu. Dole aka shiga bambanta su da laƙabi, wani da sunan ubansa, wani da garinsu, wani da kamanninsa, wani da sana'arsa. Sannu a hankali laƙabin ya bi 'ya'ya da jikoki, ko da kuwa ba su taɓa riƙe guduma ba.

Dalilin yawan wannan suna a bayyane yake. Babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, domin shi ke ƙera garma da lauje da gatari, shi ke yi wa dawaki takalman ƙarfe, in yaƙi ya taso kuma gare shi ake neman mashi da takobi. Saboda haka sunan ya tsiro ne a dubban maƙeru waɗanda ba su san juna ba. A nan ne masu neman salsalarsu sukan yi tuntuɓe, su ɗauka duk mai suna Lefebvre danginsu ne, alhali abin da ya haɗa kakanninsu bai wuce zuga-zugi da uwar maƙera ba.

Harafin "b" da ke tsakiyar Lefebvre kuwa ba a furta shi, kuma ba daga bakin jama'a ya fito ba. Magatakardan dā masu ilmin Latin ne suka cusa shi don su nuna asalin kalmar, wataƙila kuma don su nuna sun yi karatu. Ita kanta kalmar "fèvre" ta mutu a harshen yau da kullum, "forgeron" ta gaje ta. Inda ta saura sai a sunayen mutane da kuma a "orfèvre", wato maƙerin zinariya da azurfa.

Abin da ya daskarar da sunayen shi ne alƙalamin hukuma. A 1539 Sarki François na ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta umarci limaman coci su riƙa rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma, ta kuma sa Faransanci ya maye gurbin Latin a takardun shari'a. Sai dai kowane limami ya ci gaba da rubutawa yadda kunnensa ya ji, har akan tarar da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya Lefèvre ɗaya Lefebvre. Ga wanda zai je neman gadon gona a gaban alƙali, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A 1792 gwamnatin juyin juya hali ta karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci ta danƙa wa hukumomin garuruwa, a 1794 kuma ta haramta wa kowa amfani da wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. Daga nan kuskuren akawu ya zama gado.

Cikin waɗanda suka ɗaukaka sunan akwai François Joseph Lefebvre, wanda aka haifa a 1755. Ya shiga soja a matsayin kurtu, ya auri mace mai sana'ar wanki, amma Napoleon ya ba shi muƙamin Mashal a 1804, ya kuma naɗa shi sarautar Danzig bayan ya ci wannan birni a 1807. Sa'an nan akwai Félix Faure, wanda ya shugabanci Faransa daga 1895 har rasuwarsa a 1899. Shi sunansa maƙeri, amma da jima ya fara neman abinci, daga baya ya zama attajirin fata a Le Havre. A zamaninsa ne, ran 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar Faris wadda ta shata iyaka tsakanin mallakarsu, ta ratsa ƙasar Hausa.

An daɗe a Faransa sunan uba ne kaɗai ke bin ɗan da aka haifa cikin aure. Daga 2005 aka yardar wa iyaye su zaɓa wa jariri sunan uba, ko na uwa, ko duka biyu. A 2022 kuma aka ƙara sassauci, inda baligi zai iya zuwa ofishin magajin gari, sau ɗaya a rayuwarsa, ya cike takarda ya koma amsa sunan gidan mahaifiyarsa.